Ɗari da Arba'in

Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, ma'aikaciyar jinya ta ja mini kunne: idan allurar agogon silindar oksijin ta sauka ƙasa da ɗari biyar, mu nemo wata da gaggawa. Cikakkiya kan nuna dubu biyu. Na rubuta a bango, saitin gadonsa.

Safiyar Asabar aka kawo sabuwa, aka tafi da tsohuwar. Sai da motar ta ɓace na duba agogon. Ɗari da arba'in! Na kira direban sau tara bai ɗaga ba, shagon masu silindar kuwa tafiyar awa biyu ce. Baba na kwance yana jan numfashi da ƙyar ta robar hanci, Mama ta kafe ni da ido.

Na fita neman mota ko takalmi babu, sai na ci karo da Dogo mai faci. Shekara uku muna 'yar tsama da shi saboda ƙarar injin iskarsa a ƙofar gidanmu. Ko jiya sai da na wanke shi tas.

"Malama, lafiya?"

"Silinda aka kawo mana, ba komai a ciki!"

Ya goge hannu a wando ya biyo ni. Ya gaida Baba, ya durƙusa gaban agogon, ya ɗora baƙin farcensa kan wasu ƙananan haruffa da ban ko lura da su ba.

"Ai ma'aunin ne daban. Tsohon agogon da ma'aunin PSI yake ƙirgawa, wannan kuwa da na bar. Agogon da nake auna iskar taya da shi duka biyun ne a jiki. Kowane bar ɗaya, PSI sha huɗu da rabi ne. Buga a wayarki mu gani."

Na buga. Dubu biyu da talatin.

"Cike take fam," in ji shi. Ya zaro allin da yake zagaye hujin taya da shi, ya rubuta talatin da biyar ƙarƙashin ɗari biyar ɗina. "Nan ne za ki fara damuwa."

Na zube a bakin gado ina kuka, ina dariya, ga kunya kamar in nutse.

Baba ya buɗe ido. "Sarkin faɗa, yau bakin ya mutu?"

Dogo ya yi sallama ya koma bakin aikinsa. Jim kaɗan injin ya tashi da ƙararsa mai tsaga kai. Da sauri Mama ta miƙe za ta rufe taga, kada in fara.

Na ce, "Mama, ƙyale ta a buɗe."