Lambar Achiel

Takardar farko da ta zo, Lutgart ko zama ba ta yi ba ta karanta ta. A tsaye ta farke ambulan ɗin a gaban murhu, miya na tafasa, ta ga harajin mota ne, ta ce shirmen 'yan ofis ne, ta cusa ta bayan gwangwanin kofi. Ta biyu ta zo da tara a kai. Ta ukun ce ta zaunar da ita, don da jan rubutu ta zo, har da cewa idan ba a biya ba ma'aikacin kotu zai zo gida.

Motar da ake ta wannan hayaniya a kanta kuwa tun kaka ta bar gidan. Wani mai gyaran rufi ne daga garin Roeselare ya saya, ya zo da tirela ya ɗora ta, ya sha kofi ya kama gabansa. Lutgart ce ma ta ɗora yatsa a kan layin da mijinta Achiel zai sa hannu, don shi ba ya ganin layin. Shekara arba'in ya yi yana raba wa masu gidan burodi fulawa a babbar mota, ko madubin wani bai taɓa gogewa ba, sai ga shi a tsufa tsakiyar ganinsa ta mutu, gefe-gefe kawai ya rage. Likita ya ce tuƙi ya ƙare. Achiel bai yi musu ba, hularsa kawai ya ɗauka ya fita.

A ƙasarmu kowa ya san mota ake sayarwa, ba lamba ba. Lamba ta mutum ce. Ka kwance abarka, in ka gama da tuƙi ka mayar wa hukuma, kuma muddin ba ka mayar ba, a wurinsu kana da mota, ko da motar ta zama gwangwanin kifi a wata ƙasa. Ta Achiel irin ta da ce, 'yar ƙarama, jan rubutu a kan fari. Ta girmi aurensu, ta hau motoci huɗu ta sauka. Ranar da aka ɗauki motar shi ya kwance ta da lalube, ya ce shi zai kai gidan waya da kansa. Lutgart ta bar shi, tunda gidan wayar a hannunsu yake, babu tsallaka titi. Ya je ya dawo ya ce an gama.

Saboda haka da ƙarfinta ta hau bas zuwa ofishin harajin mota a birni, da takardar ciniki a jaka. Ta ciri tikitin layi, ta zauna a kan kujerar roba har ƙugunta ya ƙage, sannan aka kira ta gaban wani ma'aikaci Meneer Dhondt, wato Malam Dhondt, mutum mai furfura da idon wanda ya gaji da jin labari ɗaya daga bakuna dubu. Ta shimfiɗa masa takardar, ta ce ga rana, ga sa hannu, ga sunan mai saye, a gaya mata yadda za a ci mutum tara a kan motar da ba ya da ita. Ya duba na'urarsa, ya ce ciniki kam babu wanda ya musa. Mota ta tafi, amma lamba tana da rai. Ba ta iso wurinsu ba. Ya tambaye ta rasiɗin da gidan waya ke bayarwa.

Da ta koma gida ta tambayi Achiel, ya ce ba su ba shi komai ba. Can kuma ya ce ko sun ba shi ya zuba a shara, wa zai ajiye kowane guntun takarda. Ta je gidan waya, suka ce ba rasiɗi ba bincike. Ta kira wata lamba da ke jikin takardar, aka saka mata kiɗa har dankalinta ya ƙone. Ta rubuta ƙorafi, aka amsa mata da cewa an karɓi ƙorafinta. Haka hunturun ya tafi mata, ga wanki, ga magungunan ido safe da yamma, ga karanta wa Achiel jarida tun daga labarin duniya har sakamakon tseren tattabaru. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya saukewa.

Zuwanta na biyu ofishin ba ta yi shi da ladabi ba. Ta buga jakarta a kan kantar ofishin har na bayanta suka ɗago kai.

"Meneer, mijina bai iya ƙarya ba. In ya ce ya kai, ya kai. Ku nemo ta a cikin tarkacenku."

"Madam, ban ce ya yi ƙarya ba. Na ce ba ta zo ba."

Ya faɗi haka ba fushi, kamar mai gaya mata ana ruwa a waje. Wannan sanyin nasa ya fi komai ƙona mata rai, ta fita ko sallama babu.

A ƙarshen lambun bayan gidan akwai ɗakin tattabarun Achiel. Lutgart ba ta shiga can, ƙurar wurin tana tayar mata da tari, kuma tun suna da ƙuruciya suka raba: ita gida, shi tattabaru. Wata Laraba da rana ta zuba abinci, ta kira shi daga ƙofa har sau uku shiru. Gabanta ya faɗi, ta ce ko faɗuwa ya yi, ta saka takalmin lambu ta bi ta cikin kabeji ta tura ƙofar.

Yana zaune a kan kifaffen bokiti, da tattabara a hannu, lafiyarsa lau. Sama da kansa, a jikin katakon da ke kan akurkai, ga lambar nan an ɗaure ta da noti biyu. Ko kashin tsuntsu ɗaya babu a jikinta, a ɗakin da komai ya yi fari da shi. Goge ta ake yi.

Ba ya ganin fuskarta, amma ya san takunta, ya kuma san inda ta tsaya tana kallo.

"Lut."

"Sau biyu na je, har na yi wa bawan Allah rashin kunya saboda kai."

"Na je gidan wayar, Lut. Har na shiga layi. Da aka zo kaina sai na sayi kan sarki na fito."

Ta so ta yi faɗa, ta nemi ƙarfin ta rasa. Tari ya sarƙe ta. Da ya lafa sai ta ce masa abinci na hucewa, ta juya. A hanyar komawa ta ji haushinsa, ta ji tausayinsa, ta rasa wanda ya fi yawa, kuma duk biyun nauyi suka ƙara mata.

Washegari ta koma wurin Dhondt ita kaɗai, ta haɗiye girman kanta ta ce an ga lambar, a gida take. Bai ce ai na gaya miki ba, kuma ta gode masa a ranta. Ya ce a kawo ta, daga ranar haraji ya tsaya. Na baya kuwa da tarar da ke kai, sai an biya, sai dai in akwai dalilin da ya fi ƙarfin mutum. Ya ɗan rage murya ya tambayi shekarun mijin nata. Da ta faɗa, ya ce idan rashin lafiya ce ta sa mutum ya manta, akan rubuta haka, a haɗa da takardar likita, sau da yawa akan yafe tarar. Amma tunda lambar da sunan maigidan take, shi zai sa hannu.

Ta zauna a teburin kicin da la'asar, Achiel na can wurin tattabarunsa, ta ɗauki biro. Ta zaci abin zai yi mata wuya, sai ta ga yana zuba kamar famfo. Ta rubuta ranar da ya bar gas a kunne. Ta rubuta yadda yake kiran jikarsu da sunan uwarta. Ta rubuta ranar da ya fita da silifas zuwa coci. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kowanne ya faru, sai dai gas ɗin wutarsa ce ba ya gani, silifas kuma ya ɗauka takalmansa ne, sunan jika kuwa wane kaka ne ba ya ruɗewa. Da aka jera su a takarda ɗaya sai suka ba da wani tsoho wanda kansa ya fara tafiya. Ta haɗa da tsohuwar takardar likitan ido, ta ce wa zai tsaya tantancewa. Shi kuwa ta gaya masa takardar neman sassauci ce, ya sa hannu kawai a wuce wurin.

Ya ce to, amma lambar shi zai kai da hannunsa, ba zai sake a ce an aike shi ya kasa ba. Ta rasa yadda za ta hana shi.

Ya saka kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, ya naɗe lambar a jarida ya maƙale a hammata. A cikin bas ya zauna a bakin taga, duk inda direba ya zo kwana sai ta ga ƙafarsa ta dama tana danna ƙasa. Ya ce yaron nan yana cin birki da yawa. Ita kuwa tunaninta yana kan takardar da ke jakarta.

Dhondt ya karɓi lambar, ya juya ta, ya ce rabonsa da ganin irin wannan an jima. Achiel ya miƙe wuya ya fara ba shi tarihinta tun daga motar farko, mutumin ya saurara daidai gwargwado, sannan ya buga rasiɗi, ya juya ya saka ta a cikin wani kwandon roba da ke cike da 'yan uwanta. Ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe ta tashi.

Lutgart ta yi maza ta fito da takardar, ta ɗora yatsa a kan layi, ta miƙa masa biro. Dhondt ya dubi yatsan nata, ya dubi yadda tsohon yake karkata kai yana neman takardar da gefen ido. Ya tambaye shi ko ya karanta abin da ke ciki. Achiel ya ce matarsa ce idonsa. Dhondt ya ce shi a aikinsa ba ya karɓar sa hannun wanda bai san abin da ya sa wa hannu ba, bari ya karanta masa. Lutgart ta ce ba sai an wahala ba, ta ƙifta masa ido, ta girgiza kai. Ko bai gani ba, ko ya gani ya ƙi, ya gyara tabarau ya fara.

Da muryar nan tasa marar gishiri ya karanta komai, gas da silifas da sunan jika, har zuwa inda ta rubuta cewa mijinta ba ya iya riƙe al'amuransa, shi ya sa ya manta da lambar. Lutgart ta kafa wa kantar da ke gabanta ido. Ta ji kunya irin wadda ba ta ji ba tun tana yarinya.

Achiel ya ajiye biron a hankali.

"Meneer, idona ne ya mutu, ba kaina ba. Ban manta ba. Ɓoye ta na yi, ina sane, kullum sai na goge ta. Rubuta haka."

"In na rubuta haka, tarar tana nan, Meneer."

"To ta zauna."

Dhondt ya tura wa Lutgart takardarta ta ƙarƙashin gilashi, ya ce za a iya raba musu biyan wata-wata. Ta ce a raba. Ta sa hannu inda aka nuna mata, ta nuna wa Achiel nasa layin, wannan karon bayan an karanta masa.

A tashar bas ana yayyafi, bencin ya jiƙe, suka tsaya a tsaye. Ta yi lissafin abin da za a rage a gidan har bazara, ta bari, don kanta ya yi nauyi. Ya tambaye ta ko fushi take yi. Ta ce ba fushi ba ne, gajiya ce.

"Da ka bar ni na yi 'yar ƙaryar nan guda ɗaya, Chiel. Wa zai sani? Takarda ce, a ajiye ta a ofis."

"Ke za ki sani. Yau ki rubuta, gobe in ajiye cokali a inda ba wurinsa ba, ki dube ni ki ce ai dama."

Ta buɗe baki za ta musa, sai ta tuna yadda biron ya yi ta gudu a hannunta ran nan a kicin, ko tsayawa tunani ba ta yi ba. Ashe ta daɗe tana tara abubuwan nan a ranta, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ta gaya wa kanta ba.

Bas ta taho daga nesa. Ya karkata kai yana ƙoƙarin ganin lambarta, ya kasa, ya tambaye ta ko tasu ce.

"Tamu ce," ta ce, ta kama hannun kwat ɗinsa.