Huji Huɗu a Cikin Kawu Illa

Shekara goma sha ɗaya Likita Mansur ya yi yana tiyata a Ƙonni. Shi ya gano tsakuwa a maɗaciyar kawunsa Illa, dillalin shanu a Dogarawa, har ya sa masa ranar aiki. Ranar ta zo, Kawu bai zo ba.

Sai daga baya ya ji cewa 'ya'yan Kawu sun ɗauke shi zuwa ƙasar waje, wurin Abdussalam. Benci ɗaya Mansur ya zauna da Abdussalam a lakwal, tun suna 'yan makaranta, kuma Mansur ne ke koya masa lissafi. Yanzu ga Abdussalam can a wani babban asibiti yana tiyata da mutum-mutumi.

Kwana goma sha biyu da aikin, Kawu ya shigo buro, ofishin Mansur, da ƙafarsa, ko sanda babu. Kafin su gama gaisawa ya ɗage riga.

"Duba, ɗana. Huji huɗu, kowane bai kai ɗan yatsa ba. Abokin naka ko taɓa ni bai yi ba. Can gefe ya zamna ya kifa kai cikin na'ura, hannuwan ƙarhe na yi mishi aiki."

"Kwanta, Kawu."

Mansur ya sa safar hannu. Ya danna nan, ya danna can, yana neman kumburi, ko ruwa, ko zafin jiki. Ya duba idon Kawu ko ya yi rawaya. Da ya lura yana fatan samun wani abu, sai kunya ta kama shi, amma bai daina dannawa ba.

"Nan babu ciwo?"

"Ko kaɗan."

Aikin ya yi kyau ƙwarai. Da Mansur ne ya yi shi, sai ya tsaga tsawon tafin hannu, Kawu ya yi wata guda bai leƙa kara, kasuwar shanu, ba.

"Lahiya lau kake," ya ce.

Kawu na ɗaura tazuge ya ce, "Abokin naka ya ce in gaishe ka. Wai in kana so, ya nema maka wurin koyo na wata shida."

Mansur ya cire safar hannu ya jefa a kwandon shara. Abdussalam ne zai koya masa?

"Marasa lahiya sun yi mini yawa, Kawu."

Ya raka shi har tasha, ya ga ya hau motar Dogarawa ba da taimakon kowa ba. Da ya dawo, wata mata daga Tsarnawa na jiransa da ciwon ciki. Ya wanke hannu ya fi yadda ya saba daɗewa, sannan ya ce a shigo da ita.