Ruwan da Ɗayyabu Ya Zuba

Da ludayin miya Badi'a ta tsamo kifin, don 'yar ragar da ake kama su da ita ta ɓace tun ranar sadakar bakwai. Shuɗi ne, bai kai tafin hannu ba, ya juya ciki sama. Na uku ke nan cikin mako biyu. Saura ɗaya tak a akwatin gilashin, wani mai ruwan lemo da fararen zane, ya lafe a bayan dutse yana buɗe baki da ƙyar.

Mijinta Ɗayyabu ne ya kawo wannan jarabar gida. Shekara shida yana aiki a wani otal a Kano, shi ke kula da kifayen ado a zauren da ake shan giya. Da Shari'a ta zo aka garƙame zauren, mai otal ya tattara nasa ya nasa ya koma kudu. Sauran ma'aikata wani ya ɗauki katifa, wani fanka. Ɗayyabu kuwa sai ga shi a tashar Gwarzo da akwatin gilashi, da kifin teku huɗu a jarka, da buhun wani gishiri da ba a miya da shi, a shekarar da mudun gero ke gagarar magidanta. Mahaifiyarsa, Inna Sabuwa, ta ce ita dai ta ga ta kanta, ta haifi ɗan da ke kiwon kifin kallo. Shi ko a jikinsa. Ya kama acaɓa, ya nemo tsohon batirin mota don kada injin da ke hura wa kifayen iska ya tsaya in an ɗauke wuta. Duk Asabar sai ya rage ruwan ya zuba sabo, yana yi wa kifayen hira, yana ce wa Badi'a su ne 'ya'yansu kafin Allah ya kawo na gaske.

Wata Asabar, wata uku da suka wuce, ya gama canjin ruwan, ya goge hannu a gefen zaninta, ya fita. Tirela ta bi ta kansa a hanyar Kabo.

Tun daga ranar Badi'a ke takaba, ita da akwatin a ɗaki ɗaya. In ruwan ya ja ƙasa takan ƙara na rijiya, amma ko cokali ɗaya ba ta taɓa ɗiba ta zubar ba. Ɗayyabu sau ɗaya yake ba su abinci a rana, ɗan abin da yatsu biyu suka tsinta. Ita kuwa duk sanda ya faɗo mata a rai sai ta buɗe gwangwanin abincinsu, kuma yana faɗo mata fiye da yadda za ta ƙirga. Da abincin ya yi ƙasa ta shiga haɗawa da gwaiduwar ƙwai. In ta zuba tuwo ta ga kwanonsa a kife, nan ma sai ta tashi ta barbaɗa musu wani abu.

Bayan azahar yayanta Uwaisu ya iso a kan babur. Malamin gona ne a Kabo, ita ta aika masa. Ya durƙusa ya gai da Inna, aka yi ya haƙuri, ya damina, ya mutanen gida, sannan ya shiga ɗakin. Warin ruwan ya fara tarbarsa. A cikin kayan Ɗayyabu ya sami 'yar kwalbar gwaji da katin launi. Ya ɗebi ruwan, ya ɗiga magani, ya girgiza. Kafin a jima ruwan ya koma ja kamar zoɓo, ya wuce duk launukan da ke katin.

Ya yi mata bayani a hankali. Ragowar abinci da kashin kifi in sun ruɓe suna zama wani abu da ake kira naitiret, irin wanda ke cikin takin zamani. Masara na son sa, kifi kuwa guba ce a gare shi. Ruwan rijiyarsu ma yana ɗauke da shi, tunda gonaki sun kewaye ta. Ya tambaye ta sau nawa take ba su abinci. Da ta faɗa, ya sunkuyar da kai.

"Ni na kashe su ke nan, Yaya."

Uwaisu ya so ya ce a'a, amma bai iya ƙarya ba, abin da ya hana shi ci gaba a wurin aiki ke nan. Ya ce na huɗun yana da sauran kwana in Allah ya so. Sharaɗi biyu ne. Kwana uku kada ya ga ko ƙwayar abinci. Sannan a zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan yau, a haɗa sabo da ruwan saman da ke duro da gishirin nan, jibi a sake, haka haka har tsohon ya ƙare.

Badi'a ta dafa gilashin. "Wannan ruwan shi ya zuba da hannunsa. Shi kaɗai ya rage mini a yadda ya bar shi."

Ya lallashe ta, ya kawo aya, ya kawo misali, ta ƙi. Baƙin cikin da ta danne wata uku ya taso mata gaba ɗaya, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Inna Sabuwa, wadda ba ta taɓa shiga ɗakin don kifi ba, ta ɗaga labule.

"Badi'a, ni na haife shi, kuma ina zaune aka fita da shi aka zuba masa ƙasa. Ki bar wa dabbar Allah ranta."

Badi'a ta ɗauko tiyon da ke rataye a ƙusa, ta tsoma baki ɗaya a akwatin, ta zuƙi ɗayan kamar yadda ta sha ganin Ɗayyabu yana yi. Gishirin ya cika mata baki, ba ta tofar ba. Uwaisu ya miƙo bokiti zai kai kwata, ta girgiza kai, ta jawo jarkar da kifayen suka zo a ciki tun daga Kano. Da ta cika ta ɗaure bakin da leda. Ta ce ita mace ce, kuma mai takaba, ba ta da hanyar zuwa maƙabarta. In zai wuce ya yayyafa a kan kabarin, jibi ya dawo ya ɗauki na biyu.

Ya ɗaure jarkar a bayan babur ya tafi. Ta zauna ta lissafa, kafin ta fita takaba ba sauran ɗigo ɗaya na Ɗayyabu a akwatin.

Wajen la'asar kifin ya fito daga bayan dutsen. Da ya ga inuwarta ya taso sama yana buɗe baki, kamar yadda ta sabar masa. Sai da ta ji sanyin murfin a hannunta ta gane ta riga ta buɗe gwangwanin. Ta mayar ta rufe, ta kai wa Inna ta ce ta ɓoye shi inda ba za ta gani ba. Da ta dawo ɗakin kifin yana nan a sama, yana jira.