Bandeji a Hannun Dama

Kawu Dossa ya yage bandejin da haƙori, ya ɗaure wa Senami wuyan hannunta na dama tamau. Hannun lafiyarsa ƙalau. Na hagun ne ke ciwo tun farkon damina, shi kuwa ko kallonsa bai yi ba.

"Kawu, ba fa wannan ba ne."

"Na sani, 'yar nan. Fifame ce ba ta sani ba."

Da Fifame Senami za ta kara a wasan ƙarshe na tanis ɗin Kwatano, kuma wadda ta ci ita za a tafi da ita gasar Abijan. Senami da dama take riƙe raket, amma in ƙwallo ta zo mata ta hagu sai ta kama da hannu biyu, nan ne wuyan hannun ke amsawa kamar an soka allura. Lissafin Kawu shi ne Fifame za ta ga bandeji ta yi ta aika ƙwallo dama, tana zaton can rauni yake. Mutumin ya tsufa yana ɗaure igiyar raket a bakin filin nan. Bai taɓa cin wasa ba, amma babu wasan da bai san yadda ya kamata a ci shi ba.

Abin haushi, dabarar ta ci. Fifame ta yini tana ciyar da lafiyayyen hannu. Duk bugun da Senami ta yi sai ta yamutsa fuska ta yarfe dama, kamar yadda aka koya mata a kan babur suna tahowa. Kawu kuma yana gefe ya dafe kai, yana juyayin da har mai sayar da soyayyiyar doya ta ba shi haƙuri. Kafin la'asar Senami ta ci. Murna ta kama ta, har ta manta ta ɗaga hannun da aka ce yana ciwo.

Tana cikin shan ruwa Madam Ahossi, mai horar da masu tafiya Abijan, ta ƙaraso.

"Miƙo hannun."

Ta danna nan, ta murɗa can, ta lanƙwasa. Senami ta rasa ko a ina ya kamata ta ce wash.

"Babu kumburi. Da ciwon gaske ne da ba ki ga motar Abijan ba, don ni ba na wasa da wuyan hannu." Ta nuna wani tsohon ɗinki a nata. "Wannan ne ya raba ni da fili. Ɓoyewa na yi ta yi, yau ko tulun ruwa ba na ɗagawa da shi. Saboda haka hannun daman nan hutu zai yi har mu tafi. Daga gobe da hagu zalla za ki riƙa bugu, safe da yamma."

Senami ta waiwayi kawunta. Kawu Dossa ya duƙufa yana duba igiyar wani raket da shi da kansa ya ɗaure da safe.

"Kawu, ka ji abin da Madam ta ce?"

"Ai Madam ta fi mu sani."

Tsoro ya kama Senami, ga kuma son Abijan da ta kwana biyu tana mafarkin zuwa. Ta dubi ɗinkin da ke hannun Madam, ta daɗe tana kallo. Sannan ta warware bandejin, ta miƙa hagu.

"Madam, duba wannan."

Babban yatsa kawai Madam ta ɗora, Senami ta zabura har ruwan ya zube. Madam ba ta yi faɗa ba. Ta ce gobe a kai ta asibiti a ɗauki hoto, ta sa ƙanƙara, kada ta taɓa raket sai likita ya ce. Ta juya ta ce a kira mata Fifame, ita za a tafi da ita Abijan.

Kawu Dossa ya tsinci bandejin a ƙasa, ya kakkaɓe, ya naɗe shi a hankali.

"Kawo hagun," ya ce. "Bandejin sabo ne ai, bai yi aikin komai ba tukuna."