Ramar Alhaji Labaran

Malmala uku ta aika, biyu da rabi suka dawo.

Hajiya Mahfuza ta tsaya a ƙofar kicin da kwanon a hannu, tana kallon tuwon kamar ya zage ta. Naman da ke cikin miyar kukar ma ko taɓa shi ba a yi ba. Shekara bakwai tana dafa wa 'yan kasuwar Murshid Bazaar ta Dubai abinci a wannan filat ɗin na hawa na uku, kuma duk tsawon lokacin kwanon maƙwabcinta Alhaji Labaran bai taɓa dawowa da komai ba sai ƙashi, wani lokacin ma ƙashin a tattaune.

Ta yafa mayafi, ta taka taku huɗun da ke tsakanin ƙofarta da tasa, ta ƙwanƙwasa.

"Alhaji, gishiri ne ya yi yawa?"

Yana zaune a farar kujerarsa ta roba, carbi a hannu. Mutumin Fagge ne, ɗan kargo, ya ba shekara sittin baya, kuma Allah ya yi masa jiki. Idan ya hau kwale-kwalen abra zai tsallaka Bur Dubai, sai matuƙin ya roƙi mutum uku su koma ɗaya gefen. Shi da kansa yake ba da wannan labarin, yana dariya har tumbinsa na rawa.

"Hajiya, miya ta yi. Cikin ne ya ce khalas, ya ishe shi."

"Cikin wa? Naka?"

"Nawa fa. Dama ina son ganinki." Ya miƙo mata wani ɗan farin kwali. "Ki taimaka ki sa min wannan a firjinki. Nawa ya haukace, komai ƙanƙara yake mayarwa, likita kuma ta ce kada ta daskare."

Ta buɗe, ta ga wani abu mai kama da biro, sai dai ya fi biro kauri.

"Subhanallahi, suga ce ta kama ka?"

"A'a. Allurar rage ƙiba ce. Likitar da nake gani a Bur Dubai ta auna ni ciki da waje, ta rubuta min. Sau ɗaya a sati, ranar Alhamis, a fatar ciki. Ita take kwantar da yunwar."

Mahfuza ta dubi biron, ta dubi tuwonta, nan take ta gane waye ɓarawon.

"Wato abin da ya hana ka cin abincina, ni kuma zan ba shi masauki."

"Maƙwabtaka ce, Hajiya."

Ta karɓa dai, don ba ta iya ce wa dattijon nan a'a. Amma da ta koma sai ta ajiye kwalin daf da robar man shanu, wai don allurar ta ga da wa take faɗa.

Faɗa kuwa aka yi. Mahfuza ba ta san wani ma'aunin lafiya ba sai kumatu, a wurinta wanda ya rame to wani abu ne ke cinsa. Ta fito da duk makamanta. Yau alkubus da miyar taushe, gobe funkaso, jibi dambun shinkafa da ya sha man shanu. In za ta soya albasa sai ta buɗe ƙofar filat ɗin gaba ɗaya, ƙamshin ya bi baranda ya shiga ɗakinsa. Alhaji Labaran ya ci cokali huɗu, ya sa mata albarka, ya dawo da kwano. Makonnin farko ma tashin zuciya ya sa shi a gaba, ta jiyo shi ta bango, ta yi tsaki, amma ta dafa masa citta da lemon tsami ta ba mijinta Sanda ya kai.

"Ki ƙyale bawan Allah," in ji Sanda, wanda direban motar ɗaukar kaya ne kuma shi ke cinye duk abin da ya dawo. "Ni ban ga aibin allurar nan ba."

"Ina za ka gani? Kilon da yake zubarwa kai kake tsincewa."

Kafin wata huɗu manyan rigunan Alhaji suka fara yi masa lilo. Ya kai su wurin telolin Satwa aka rage, bayan wata biyu ya sake kaiwa. A kasuwa kuwa baki ya buɗe. Wasu suka ce kwantenarsa ce ta maƙale a teku, wasu suka ce jifa ne daga gida, wani ya rantse ya gan shi yana fitowa daga asibiti da babban ambulan a hannu. Masu gaishe shi suka koma riƙe hannunsa su daɗe, suna cewa Allah ya kawo sauƙi. Shi kuma ya ce amin, ya wuce yana murmushi.

Sai ga waya daga Kano. Hajiya A'i ce, matarsa.

"Mahfuza, ba amanarsa na ba ki ba? Jiya na ga wuyansa a waya. Shekara talatin muna tare, ban san yana da wuya ba."

"Yaya, wallahi ina dafawa. Shi ne ba ya ci."

"To ki tsare shi ya gaya miki abin da ke damunsa. Ni in na tambaya sai ya ce in jira Babbar Sallah zan gani. Me zan gani, ƙashi?"

Maganar ta sosa wa Mahfuza rai ƙwarai. Ranar Alhamis da ya zo karɓar allurarsa da safe, ta tsaya a ƙofa ta riƙe kwalin a bayanta.

"Alhaji, yau sai ka faɗa min. Da jikin nan kake kasuwarka, da shi kowa ya san ka. Wa kake yi wa wannan ramar?"

Ya yi dariya, amma ba irin wadda ya saba ba. Ya waiwaya ta ƙofarsa da ke buɗe, ya nuna mata farar kujerar.

"Kin ga waccan? Shekara tara rabon goshina da ƙasa. Gwiwoyin nan sun ƙi ɗaukata. A masallaci ni ne a ƙarshen sahu, zaune kamar mai jiran biza, kowa ya sunkuya ya bar ni ina kallon bayansu. Likita ta ce in na sauke kilo ashirin da biyar, mai yiwuwa gwiwar ta yarda. Zuciyar ma ta ce ta gaji da dako tun tuni. To rama nake yi don in rama."

"Ai ba a rama sujada, Alhaji. Sallarka ta yi, kowa ya sani."

"Na sani, malamai sun gaya min. Kewa ce kawai, Hajiya. Na manta yadda ƙasa take ji a goshi. Kada ki gaya wa A'i, so nake ta gani da idonta."

Kunya ta kama Mahfuza, ta tuna irin man shanun da ta yi wata shida tana kwarara masa. Ta miƙa masa kwalin. Da azahar ta jiƙa busasshiyar ramar da wata 'yar kasuwa ta kawo mata daga Kano, ta kwaɗa ta da ɗan ƙuli da tumatir, ta kai masa da kanta.

"Ga ta uku," ta ce. "Kana rama don ka rama, to ci rama."

Ranar ya cinye kwanon tas, har ya nemi ƙari kaɗan.

Daga nan ta sauya sheƙa. Wadda ta yi yaƙi da allura ta zama mai gadinta. Ta ɗauke robar man shanun daga kusa da kwalin. Ita ke buga masa ƙofa ranar Alhamis ta ce, "Yalla, Alhaji, biro." Ta koyi gasa kifi ba mai, ta riƙa tura Sanda ya raka shi tafiya bakin ruwa da yamma, shwaiya shwaiya, a hankali, kamar yadda likita ta ce. Duk wanda ya zo sayen tuwo ya ɗauko zancen kwantena, sai ta ce masa ya ci abin da ya kawo shi. In A'i ta kira kuwa, sai ta kama labarin zafin Dubai da tsadar tumatir, tana jin nauyin abin a ranta.

Wata Talata bayan la'asar, tana tsinke alayyahu, ta ji murya ta bango.

"Sanda! Sanda, zo!"

Sanda ya fita ba takalmi, Mahfuza ta bi shi da wuƙar a hannu. Suka tarar da Alhaji Labaran a ƙasa a kan dardumarsa, zaune a kan ƙafafunsa, ya dafa ƙasa da hannu biyu. Kujerar na can gefe. Hawaye na bin gemunsa, shi kuma yana ta ƙyaƙyata dariya.

"Na sauka," ya ce. "Raka'a huɗu cur, daga zaune na ƙarasa. Tashin ne na manta ban tambayi likita ba."

Sai da Sanda ya kira mai gadin gidan, wani ɗan Bangladesh siriri, suka kama shi ta hammata, ɗaya na cewa bismillah ɗaya na cewa yalla, kafin ya miƙe. Mahfuza na bakin ƙofa. Ta ga wani ɗan jan tabo a tsakiyar goshinsa, inda zaren darduma ya kwanta. Guɗa ta kusa ƙwace mata, ta danne da bakin mayafi.

Bayan mako biyu ya iya tashi da kansa yana dafa bango. Ran nan ya jawo kujerar har ƙofarta.

"Hajiya, na sallame ta. Ki nema mata wani aikin."

Ta ɗora mata buhun shinkafa. Daga ranar kullum in zai fita kasuwa sai ya ƙwanƙwasa mata sau biyu, ya faɗi lissafin kwanakin sujadarsa ta bayan ƙofa. "Yau sha tara." "Yau talatin da uku." Ita kuma ta amsa daga kicin, "Allah ya ƙaro." Ya sayi tikitin gida, ya ce a filin idi zai ba A'i labari, ta ga turɓaya a goshinsa.

Ranar Litinin ya ce, "Yau arba'in da ɗaya." Ya sauka, ya buɗe shagonsa, ya zauna a kan wani katan yana jiran a kawo masa shayi. Kafin shayin ya iso rai ya yi halinsa. A asibiti aka ce zuciya ce, wadda aka daɗe ana yi masa kashedi a kanta.

Mahfuza ta yi kuka kamar ubanta ne ya rasu, ta kuma dafa abincin 'yan gaisuwa tana kukan. Da wani ya fara cewa ai dama allurar nan, ta ajiye ludayi ta ce masa ita ba likita ba ce, shi ma ba likita ba ne, ya yi wa mamaci addu'a ko ya ba mutane wuri. Da Sanda ya dawo daga maƙabarta idonsa ja, ya zauna ya ce, "Mu shida muka ɗauke shi ba wahala. Da bara ne sai na kawo motata." Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Abin da ya fi tsaya mata shi ne A'i. Ranar uku ta kira, murya a dashe.

"Kun zuba masa ido ya rame har ya tafi. Da wani baƙin ciki ya mutu, Mahfuza, kuma ya ƙi gaya min. Wannan ne zai hana ni barci."

"Yaya, kada ki kashe wayar. Kunna hoto."

Ta ɗauki mukullin da aka bar wa Sanda, ta buɗe ɗakin. Rigunan da aka rage sau biyu na rataye a ƙusa, takalminsa na bayan ƙofa. Dardumar na ninke a kan gado. Ta shimfiɗa ta a ƙasa.

"Kin gane ta?"

"Ni na saya masa a kasuwar Kwari, shekarar da gwiwarsa ta fara. Koriya mai hoton fitila." A'i ta ja numfashi. "Duk zuwansa gida ina tsokanarsa, wajen ƙafa ya cinye, wajen kai sabo fil kamar yau aka yanko."

Mahfuza ta durƙusa, ta kai wayar saman dardumar. A ƙasan fitilar, gashin ya kwanta, ya yi ɗan duhu, faɗin bai wuce tafin hannu ba. Ƙamshin turarensa na nan a wurin.

"Kwana arba'in da ɗaya," ta ce. "Don wannan ya rame. Ya so ya nuna miki da Sallah."

Daga ƙasa ana jiyo masu turin kaya suna neman hanya.

"Matso da wayar," in ji A'i. "Ƙara matsowa."

Mahfuza ta sauke wayar a hankali, har fuskarta ta taɓa wurin, ta bar ta a nan.