Tauraron da Ya Farka Ina Takaba

Kwanana hamsin da tara cikin takabar mijina Mahmudu tauraron nan ya ga damar farkawa. Shekara uku ina gadinsa bai motsa ba, sai da ya bari na zauna a ƙauyen da ba ko ɗigon rezon waya.

Bari in faɗi abin da nake nufi, don ko a gidanmu na Mayahi wasu sun ɗauka duba nake karantawa a Faransa. A cikin tarin taurarin da ake kira Andromeda, maƙwabcin namu tarin, akwai taurari biyu da ke zagaya juna. Ɗaya ya mutu tuntuni, ya dunƙule ya yi nauyin tsiya, yana zuƙar iskar jikin ɗan'uwansa kaɗan-kaɗan. Sai a yi shekaru shiru, rana ɗaya abin da ya tara ya rufto masa, ya yi haske irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Ido ba ya ganinsa, sai na'urar hange da ke yawo a sararin samaniya, kuma makonni kaɗan yake yi ya dushe. Dama ɗaya tak aka ba ni: in ya farka, in aika buƙata a juya masa na'urar. Kundin digirina kaf a kan wannan ya rataya.

Hutu muka zo ƙauyensu Mahmudu, can bayan Urafane. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi. Nan na zauna takaba, ɗakina jikin na mahaifiyarsa, Inna Biba. Ba wanda ya ƙuntata mini, gaskiya. Ana kawo mini tuwo da fura, a yi mini sannu, a fita. Sai dai babu mai zama. Su suna jin nauyin 'yar boko, ni ina jin nauyin surukai, duk muka taru muka yi shiru. Na yi kewar da ban san akwai irinta ba.

Salulata kuwa ta fi ni yawo. Duk ranar kasuwar Urafane Hamida ƙanwar Mahmudu ke tafiya da ita a sa mata wuta, saƙonni su shiga, ta dawo mini da ita cikin kwano tana warin daddawa. A haka na ga sanarwar. Na'ura ce ke aiko ta da kanta, layi biyu: hasken tauraron ya ninka sau ɗari, tun jiya.

Buƙatar ba ta aikuwa sai ni da hannuna, don sai an turo lambar sirri an shigar nan take. Akwai wani tudu gabas da gari, tafiyar awa ɗaya, inda rezo ke kamawa. Na san addini bai hana mai takaba fita da rana don lalura ba. Amma a garin nan mai takaba ko zaure ba ta leƙawa, kuma ta yaya zan dubi matar da ta binne ɗanta in ce mata tauraro ke kirana? Na yi kwana uku ina shirya maganar a baki. Duk ta shigo sai in gaishe ta in haɗiye. Har yau in na tuna kwanakin nan haushin kaina nake ji.

Ran na huɗu da hantsi na durƙusa gaban Inna Biba na faɗa mata, a hargitse.

Ta daɗe tana kaɗa furarta. "Abin ga, in ba ki tahi ba mi za ya hwaru?"

"Aikin shekara ukku ya lalace, Inna."

"Shi marigayi ya san da shi?"

"Shi ke tambayata kullum ko ya tashi."

"To ni ba ni hana ki, Fatiha. Ki bi ta bayan rumbuna."

Bin bayan rumbunan bai yi amfani ba. Kaka ce, mata na sussuka a bakin gari. Ina fitowa taɓare suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Ban gaishe su ba, na ja mayafi na wuce cikin karan gero.

A kan tudun salula ta fara rawa a hannuna. Kafin in buɗe shafin buƙatar, saƙon malamata ya shigo, na jiya da yamma. Cikin ladabi ta rubuta shi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta ce sun jira ni kwana uku, ba ta so ta dame ni cikin makoki ba. Fahad, ɗalibin da muke ofis ɗaya, ya aika buƙatar da izininta, shi zai yi aikin bayanan tunda ba sa jira. Za a sa sunana a takardar. In na dawo, sai mu nemo mini wani batun.

Ta haɗo da hoto. Na tsaya cikin rana yana buɗewa layi-layi, har ya fito: zanen hasken ya miƙe sama tsaye, ya fara saukowa a hankali, daidai yadda na lissafa zai yi. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Na waiga, babu kowa sai awaki biyu suna cin harawa. Na zauna a kan yashi na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da na dawo Inna Biba na bakin ƙofar ɗakina a tsaye.

"Kin same shi?"

"An same shi, Inna."

"Madalla. Tahiyar ba ta zam banza ba." Ta miƙo mini ƙwaryar ruwa, ta rage murya. "In an tambaye ki, wurin likita kika tahi. Haka na ce musu."

Na ce to. Na shiga ɗaki, ta saki mini labule.