Sunan Modibbo a Bakin Goggo Kubura

Duk Kalgo ba wanda bai san Modibbo ba. Ga makarantarsa, ga kabarinsa ƙarƙashin tsamiya. Amma ka tambayi sunansa na yanka, sai kowa ya hau sosa ƙeya. Ɗalibansa ba su taɓa kiran sunan ba don ladabi, ɗansa tilo ya bi shi lahira tun kafin zuwan Nasara, tsararrakinsa kuwa duk ƙasa ta rufe. Kunya ce ta cinye sunan, ba wani abu ba. Mutum ɗaya ta rage da ta san shi, matarsa Goggo Kubura, ita kuwa ina mace ta gari za ta kama sunan mijinta na fari?

Da aka haifa wa jikanta Lukuman ɗa namiji, ya ce sunan Modibbo za a mayar. Ranar suna sai ga Malam Basharu daga Gwandu, ɗan wan Modibbo, da rawani ya fi kansa girma. Ya ce ai abin ba wuya, a gidansu kowa ya san sunan Siddiƙu ne.

Labari ya iske Kubura a cikin gida da hantsi, ana rabon goro, rago na ɗaure. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Siddiƙu ai wan Modibbo ne, uban Basharu, wanda ya tayar wa Modibbo da rigima a kan limanci har ya baro Gwandu da littattafansa bisa jaki. Yau kuma shi za a ɗora wa makarantar da kabarin da jaririn?

Ta ɗauki sandarta. Zulai mai jego ta riƙe mata zane.

"Goggo, maza na cike da zaure!"

"Sake ni, ɗiyata. Maza na sani tun ba a haife su ba."

Ta ɗaga asabari ta shiga. Liman ya tsaya da addu'a a baki, mahauci ya tsaya da wuƙa a hannu.

"Basharu, mi kac ce sunan mijina?"

"Haba Inna, ki koma ciki. Wanga zance na malamai na."

"Malamai sunka aure shi ko ni? Siddiƙu ubanka na. Ka haifi naka ɗa ka sa mishi."

Basharu ya gyara rawani, ya yi murmushin wanda ya san an gama.

"To ki faɗe shi mu ji, in akwai wani."

Ya san ba za ta iya ba. Tun ranar da aka kai ta ɗakinsa tana yarinya, ko a mafarki ba ta bari sunan ya hau harshenta ba. Gobe mata za su yi da ita a rijiya, su ce tsufa ya cire mata kunya. To, su ce.

"Abdulganiyyu," in ji ta.

Sanƙira ya zabura zai yi shela: "Jama'a, sunan yaro Gani..."

Ta buga sanda a ƙasa. "Kak ka gutsure mishi! Shi bai taɓa gutsure ma kowa suna ba. Abdulganiyyu. Faɗi duka."

Ya faɗa duka, har sau biyu. Liman ya dubi Lukuman, Lukuman ya gyaɗa kai, aka yanka rago. Basharu ya nemi takalmansa tun ba a shafa fatiha ba.

Da ta koma ciki, ta tarar mata sun riga sun fara aikinsu, ana ta "Modibbo ƙarami, Modibbo ƙarami."

"A'a," ta ce. "Hakanga ankai har yaɓ ɓace. Ku kira shi da sunanshi, ni na yafe muku kunyar."

Ba wadda ta iya fara kira. Sai ta karɓi jaririn, ta zauna a bakin gado. Ta daɗe tana duban fuskarsa.

"Abdulganiyyu," ta ce a hankali. "Ba ka taɓa jin na kira ka ba, sai yau."